Rayuwar Mawaƙi a Matsayin Tushen Waƙarsa: Waiwaye a Kan Makaɗan Jama'a na Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Galibi akan yi wannan karin magana domin a nuna cewa wanda abu ya faru a kansa shi ya fi cancanta ya ba da labarinsa. Amma in aka ɗauki maganar a kan zahirinta, sai ta haifar da wata tambaya, watau wane ne mai waƙar? Wanda ya rera ta ne, ko kuwa wanda aka rera ta dominsa? A fada amsar ba ta da wuya. Akan ce waƙar Sarkin Gobir, ko waƙar Sardauna, ko waƙar Sarkin Musulmi, alhali kuwa babu ɗayansu da ya taɓa ɗaga murya ya yi waƙa. Sunan ubangida ne a kan waƙar, tarihin gidansa ne a cikinta, makaɗi kuwa ma'aikaci ne mai gwaninta wanda aka damƙa wa amanar adana wannan tarihi.

Akwai wani rukuni na makaɗa wanda wannan bayani bai game shi ba. Su ne waɗanda masana ke kira makaɗan jama'a, watau masu zaman kansu, waɗanda ba su riƙe da sarautar kiɗa a wata fada, ba su kuma jingina da masu wata sana'a guda ba. Irin wannan makaɗi ba shi da asalin wani gida da zai riƙa jerowa kullum, don haka tilas ya nemo abin faɗi daga wani wuri. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa wurin da ya fi kusa da shi, wanda kuma ya fi ɗiba daga ciki, shi ne rayuwarsa ta kansa. Za a duba wannan batu ta hanyar mutum uku: Alhaji Mamman Shata, da Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge. Kafin nan ya kamata a san irin duniyar da suka tarar, da kuma abin da ya sauya ta har ta ba su wurin tsayawa.

Makaɗin fada da makaɗin jama'a

Tun a shekarar 1957 M. G. Smith ya wallafa nazarinsa a kan roƙo da matsayinsa a cikin al'ummar Hausawa, inda ya nuna cewa waƙar yabo hanya ce ta bayyana darajar mutane da tabbatar da ita a bainar jama'a. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Daga baya masana na gida, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suka zurfafa aikin karkasa makaɗa da tattara tarihinsu. Abin da duk waɗannan ayyuka suka haɗu a kai shi ne cewa a tsarin gargajiya kowane kiɗa yana da mai shi. Tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso na sarauta ne. Gangar noma ta manoma ce, kalangu na mahauta ne da dandalin 'yammata, maƙera da maharba da 'yan dambe da 'yan tauri kowa da nasa makaɗa.

Manyan makaɗan fada sun kai wannan fasaha matuƙa. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau ake nazarin hikimarsu. Salihu Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Musa Ɗanƙwairo Maradun ya waƙe Sardaunan Sakkwato da sarakuna da dama. A wurin waɗannan makaɗa waƙa aba ce da ake shiryawa a gida, a yi ta bita tare da 'yan amshi har ta zauna, ta yadda jagora zai fara ɗan waƙa su karɓe su ƙarasa masa. Ubangida shi ke ba da gida da gona da doki da sutura, shi kuwa makaɗi ya yabi ubangida, ya jero kakanninsa, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo. Ko inda makaɗin fada ya yi maganar kansa, kamar yadda Narambaɗa ya yi a cikin Bakandamiyarsa, maganar gwanintarsa ce a matsayinsa na bawan fada. Yunwarsa da maraicinsa da rikicin gidansa ba su da gurbi a gaban sarki.

Akwai kuma wani sharaɗi, shi ne gado. Kiɗa sana'a ce da ɗa ke karɓa daga uba, kuma tana cikin sana'o'in da ake ɗauka a ƙasa wajen daraja. Wanda ya shige ta ba tare da ya gada ba, akan ce ya yi haye, kuma danginsa kan ɗauki abin a matsayin abin kunya. Wannan magana ta gado da haye tana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

Abin da ya buɗe hanya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwa uku suka tsaga bangon tsohon tsari. Na farko shi ne sufuri. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, haƙar kuza ta jawo dubban leburori zuwa Jos da Bukuru, daga baya kuma manyan motoci suka cika hanyoyi. Wannan ya haifar da sababbin garuruwa da unguwanni inda baƙi suka fi 'yan gari yawa, ya kuma haifar da sababbin masu kuɗi: dillalan gyaɗa, 'yan kwangila, direbobi, ma'aikatan gwamnati. Waɗannan mutane ba su da kakannin da suka yi sarauta, amma suna da abin kyauta a aljihu, suna kuma son a ambaci sunansu.

Na biyu shi ne na'ura. Faifan garmaho, da gidan rediyon Kaduna wanda aka buɗe a 1962, da kuma kaset wanda ya yaɗu a shekarun 1970, sun sa muryar makaɗi ta kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Makaɗin da a da sai sarki ya yarda za a ji shi, yanzu ana jin sa a rumfar mai shayi da cikin mota da tsakar gidan matan kulle.

Na uku shi ne siyasa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun hukumomin En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna. Fada ba ta daina zama wurin daraja ba, amma ta daina zama wuri ɗaya tilo da arziki ke fitowa. A cikin wannan yanayi ne mutanen nan uku suka yi tashe.

Mamman Shata: ɗan kasuwa da ya yi haye

An haifi Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama maroƙi ba. Kafin ya shiga waƙa sosai ya yi tallar goro da alewa a kasuwannin ƙauye, a dandali kuma ya fara gwada muryarsa. Daga Musawa ya koma Bakori, sunansa ya fito a Kano a 1952 lokacin bikin 'ya'yan sarki, sa'an nan a 1960 ya tare a Funtuwa, garin auduga da tashar jirgi da mahaɗar hanyoyin mota, inda ya zauna kusan shekara arba'in.

Wannan ɗan taƙaitaccen tarihi yana bayyana abubuwa da yawa a cikin waƙoƙinsa. Da farko dai abin kiɗansa. Shata bai ɗauki taushi ko kotso ba, domin ba shi da hurumin ɗaukarsu. Kalangu ya samu a dandali, da shi kuma ya shiga fadoji da gidajen gwamnati, har ya ɗaga darajar gangar da a da ake dangantawa da mahauta. Na biyu, tsarin waƙarsa. Tun da yake bai tashi a gidan da ake bitar waƙa ba, bai bi salon da 'yan amshi ke ƙarasa wa jagora magana ba. 'Yan amshinsa gajeren amshi ɗaya suke maimaitawa, shi kuwa ya yi ta zuba abin da ya ga dama a tsakani. Wannan tsari ya ba shi damar shigar da duk abin da idonsa ya gani a wannan rana: wanda ya shigo fili yanzu, garin da ya kwana jiya, kyautar da aka miƙo, direban da ya kawo shi. Shi ya sa waƙarsa guda za a iya samun ta a kaset uku, kowanne da nasa 'ya'ya dabam. Mai talla ba ya haddace abin da zai ce wa mai saye, duban fuskarsa yake yi ya san maganar da ta dace. Wannan tarbiyya ta kasuwa ita Shata ya kai fagen waƙa.

Bakandamiyarsa ita ce babbar shaida. A cikinta yana kirari ga kansa, yana lissafa ƙasashen da ya shiga da wuraren da ya yi wasa, yana ƙalubalantar duk wani mai ja da shi. Inda makaɗin fada zai jero kakannin ubangidansa, Shata sai ya jero tafiye-tafiyensa. Mutumin da aka ce masa ba shi da gado, sai ya mai da abin da ya yi da ƙafarsa da bakinsa ya zama asalinsa. Idan aka tuna da uban da ya hana, da dangin da suka ji kunya, za a fahimci dalilin da ya sa bugun ƙirji ya yi yawa a bakin wannan mawaƙi.

Haka nan faɗin abubuwan da ya waƙe ya samo asali daga wannan 'yanci. Ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ake sa wa a gidajen rediyo lokacin aikin hajji da sauran lokutan ibada. Ya kuma yi waƙar da ke kare masu shan abin da malamai suka hana, wadda ta jawo masa suka mai yawa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, labarin da ya zo ta rediyo bai wuce shi ba, ya yi waƙar kumbon Apollo 11. Ya yi zambo mai zafi irin na Gagarabadau, wanda jama'a suka daɗe suna musu a kan wanda aka nufa da shi. Babu wani sarki da zai yarda makaɗinsa na fada ya haɗa waɗannan duka a baki ɗaya. Sun haɗu ne domin duk suna cikin rayuwar mutum guda, mai ibadarsa, mai shagalinsa, mai son labarin duniya, mai fushi in an taɓa shi.

Ɗan Maraya Jos: sunan da ya zama jigo

Labarin Adamu Wayya ya bi wata hanya dabam. An haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa mutumin ƙasar Sakkwato ne, makaɗi ne kuma a gidan Sarkin Hausawan Bukuru, amma ya rasu tun Adamu yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyarsa ta bi shi. Sarkin Hausawa ne ya riƙe yaron. Ke nan Adamu yana da gadon kiɗa a jini, amma bai sami uban da zai koya masa ba, bai kuma gaji ganga ko 'yan amshi ba. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga ana kaɗa kuntigi, abin ya ba shi sha'awa, ya dawo ya rungume shi har ƙarshen ransa.

Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne da ake yi da gwangwanin kifi, a rufe shi da fata, a ɗaura masa tsarkiya guda. Yaro marar ko anini zai iya haɗa shi da hannunsa. Ba ya bukatar mataimaki, ba ya bukatar ɗan amshi. Ɗan Maraya ya tsaya a fage shi kaɗai, kamar yadda ya tashi a duniya shi kaɗai, bai kuma ɓoye wannan hali ba, sai ma ya mai da shi sunan da duniya ta san shi da shi. A al'adar da makaɗi ke alfahari da gidan da ya fito, wannan ya yi shelar cewa shi maraya ne.

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota, watau yaron da ke bin babbar mota yana ɗora kaya, yana sa wa taya waigi a kan tudu, yana kwana a ƙarƙashin mota. Jos da Bukuru garuruwan kuza ne da tashoshin mota, kuma irin waɗannan yara su ne abokan zaman Adamu. Kalmar kanta ta raini ce, amma ya ɗauke ta ya yi mata waƙar yabo da irin lafazin da ake yi wa manya. Wannan sabon abu ne a tarihin waƙar Hausa. An saba da waƙar manomi da ta maƙeri, domin sana'o'i ne masu asali da sarakunansu. Karen mota kuwa ba shi da sarki, ba shi da asali, ba shi da abin da zai bayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wanda ya tashi a hannun riƙo ne ya iya ganin mutum a inda sauran jama'a ke ganin ɗan aike.

Sauran waƙoƙinsa sun bi wannan turba. Ya yi waƙa a kan mai akwai da mai babu, da wuyar gane halin ɗan Adam, da sharrin gulma, da auren dole. A cikin Jawabin Aure yakan sauya murya, ya yi maganar miji, ya juyo ya yi ta mata, har mai sauraro ya ji kamar yana laɓe a bayan ɗaki. Rashin 'yan amshi, wanda da sai a ce naƙasu ne, shi ya tilasta masa ya zama mai wasan kwaikwayo da bakinsa. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya kuma rasu a watan Yuni na 2015.

Barmani Choge: muryar tsakar gida

Misali na uku ya fito daga wurin da makaɗan fada ba su taɓa shiga ba. Hajiya Sa'adatu, wadda aka fi sani da Barmani Choge, 'yar Funtuwa ce, an yi mata aure tana yarinya, ta kuma haifi 'ya'ya da yawa. Kiɗanta shi ne amada, wanda mata ke yi da ƙorai a cikin gida lokacin biki ko suna, a kifa wasu a ƙasa, wasu a kan ruwa. Kayan kiɗan nata kayan aikin gida ne, masu sauraronta na farko kuwa matan da ke zaune a bayan katanga.

Jigoginta ba su da nisa da ƙofar ɗakinta. Ta yi waƙa a kan kishiya da irin zaman da ake yi da ita. Ta yi waƙar gwarne, watau samun ciki kafin a yaye na goye, abin da mata ke yi wa juna gori a kai, ita kuwa ta mai da shi abin godiya ga Allah. Ta yi waƙar da ke kiran mata su kama sana'a, ta kuma yi wa macen da ta zauna ba ta neman na kanta ba'a mai zafi. Ta yi maganar jikin mace da kwalliyarta a fili, abin da ya sa wasu suka ɗauke ta marar kunya. Amma duk wanda ya san zaman gidan Bahaushe ya san cewa waɗannan maganganu ba ita ta ƙago su ba. Ana yin su kullum a gindin murhu da bakin turmi. Abin da ta yi shi ne ta fito da su daga tsakar gida ta sa su a kaset, har maza suka ji abin da ake faɗi in ba sa nan.

Ga mai nazarin tarihi wannan taska ce. Littattafan tarihin ƙasar Hausa cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe da malamai, amma ba su cika faɗin yadda matar aure ta ɗauki zuwan amarya ba, ko yadda take tara kuɗin adashi daga cinikin ƙuli-ƙuli da fura. Farfesa Abdalla Uba Adamu yana cikin waɗanda suka jawo hankalin masana ga muhimmancin waƙoƙinta. Ta rasu a shekarar 2013.

Iyakar wannan fassara

Lalle ne a yi hattara a wurare uku, domin kada a ɗora wa wannan ra'ayi kayan da ya fi ƙarfinsa. Na farko, zaman kai ba ya nufin rabuwa da roƙo. Mafi yawan waƙoƙin Shata na yabo ne, na sarakuna da attajirai da 'yan siyasa da direbobi. Kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar sananne ne, har ma da ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni 1999, a Daura aka yi masa sutura. Bambancin shi ne babu wata sarauta da ta ɗaure shi a ƙofar mutum ɗaya. Makaɗin jama'a ya musanya ubangida guda da iyayen gida dubu, kuma wanda ke da dubu yana iya ɓata wa ɗaya rai ya kwana lafiya. Daga nan 'yancin faɗin ra'ayi ya samo tushe.

Na biyu, waƙa ba littafin ajiye sirri ba ce. In Ɗan Maraya ya yi maganar miji mai faɗa da matarsa, ba lalle ne gidansa yake nufi ba. In Barmani ta zagi kishiya, tana magana ne da bakin duk matan da suka taru a wurin. Rayuwar mawaƙi ita ke nuna masa inda zai duba, ita ke ba shi ido da kunne, amma abin da ya gani yakan zama na jama'a ne. Ɗalibin da ya ɗauki kowane ɗan waƙa a matsayin shaidar abin da ya faru ga mawaƙin zai tafka kuskure.

Na uku, labaran da ake bayarwa a kan dalilin yin wata waƙa su ma adabin baka ne. Suna yaɗuwa a majalisa da tasha, kowa yana ƙara nasa gishiri, musamman a kan waƙoƙin zambo. Aikin masani shi ne ya tace su, ya gwada maganar ɗan amshi da ta makaɗi, ya duba ko shekarun sun dace. Irin wannan aiki ne Ɗandatti Abdulƙadir ya fara a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975, wanda ya gina a kan Shata, kuma shi ne Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka faɗaɗa a littafin Shata Ikon Allah na 2006. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, abin da ke nuna cewa ɗan hayen da aka hana kiɗa ya zama abin nazari tun yana raye.

Magadan wannan hanya

Daga ƙarshen shekarun 1990 fiyano da ɗakunan ɗaukar murya sun mamaye Kano da Kaduna da Jos, waƙa kuma ta haɗu da sana'ar fim. Yau yaro na iya shirya waƙa da kwamfuta ya watsa ta ta wayar hannu ba tare da ya nemi izinin sarki ko na gidan rediyo ba. Kayan aiki sun sauya, amma tsohuwar tambayar tana nan: wa ake yi wa waƙar, daga ina kuma ta fito? Akwai mawaƙan da suka koma ƙarƙashin 'yan siyasa, suka zama tamkar makaɗan sabuwar fada. Akwai kuma masu ɗiba daga abin da ya same su. Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala, ya fara da rubutun littattafai kafin ya koma waƙa, kuma a 2009 aka gurfanar da shi a kotu a Kano saboda waƙar Hasbunallahu, a lokacin da ake takun saƙa tsakanin masu fasaha da hukumar tace finafinai ta jihar. Wannan ya nuna cewa mai waƙa da bakin kansa yana da farashin da yake biya, jiya da yau.

Kammalawa

An ga yadda haye ya sa Shata ya gina wa kansa asali da tafiye-tafiyensa, yadda maraici ya buɗe wa Adamu ido ga karen mota, da yadda zaman aure ya ba Barmani jigogin da babu namijin da zai iya kawo su. An kuma ga cewa ba don jirgi da rediyo da raguwar ikon fada ba, da waɗannan muryoyi sun tsaya a dandalin ƙauye da tsakar gida. Halin mutum da halin zamani ne suka haɗu suka haifi waƙar.

Saura aikin da ke gaba. Mutanen nan uku duk sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai sauran makaɗansu da 'yan amshinsu da sanƙirorinsu da direbobinsu, kuma su ne suka san ranar da aka fara wata waƙa da abin da ya jawo ta. Kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu. Faifai da zaren kaset da ke ajiye a gidajen rediyo da ma'aikatun al'adu ba sa jure zafi da ƙura har abada. Ɗalibin da ke neman batun kundi ba sai ya yi nisa ba: ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya nufi Funtuwa ko Bukuru ko Haɗeja, ya zauna da tsofaffin da suka yi wa Shata ko Haruna Uji rakiya. Ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya kuwa ya sani cewa abin da ke hannunsa takardun tarihi ne, daidai da waɗanda ke gidan adana takardu na Kaduna, ya kamata a juye su a na'urorin zamani, a rubuta sunan mai waƙa da wuri da shekara a jikin kowanne. In an yi haka, jikokin karen mota da na matar da ta yi gwarne za su sami inda za su karanta tarihin kakanninsu. Allah ya jiƙan magabata, ya sa a dace.